Kada Kowa Ya Sa Baki

Lahadi, da hantsi

Autanmu ya zo da sabuwar hauka. Wai fim zai yi. Na ce da wane arzikin, ya ce ai daɗin abin ke nan, wannan irin ba ya cin komai. Fim ɗin tsoro ne da ake yin sa kamar ba fim ba. Wai an tsinci kyamara a yashe, aka kunna, sai ga abin da mai ita ya ɗauka. Ba kiɗa, ba fitilu, hoto na rawa kamar mai ɗaukar na fama da zazzaɓi. In ya yi duhu ka ce da gangan ne. Na ce to lallai, fim ɗin matsiyata ne, an sami mai shi.

Labarin kuwa, wata ce ta ga wata a kasuwa, ta ƙwallafa rai sai sun zama ƙawaye, ta shiga bin ta tana ɗaukarta a ɓoye. Wadda ake bi ɗin ni ce. Ya ce ba sai na haddace komai ba, in ci gaba da sayar da labulena, in yi harkata yadda na saba. Wadda za ta bi ni ita ke riƙe da kyamara, shi ko wurin ba zai zo ba, don abin ya fito kamar gaske.

Na yi dariya har Mama ta leƙo daga ɗaki tana tambaya wa ya haihu. Na ce da shi, ni da na tsufa a kasuwa, ɗan sane in ya hango ni layi yake sauyawa. Wadda za ta bi ni ban gan ta ba, ba a haife ta ba tukuna.

Na dai yarda. Ya ce allon shagona zai fito sosai. Talla kyauta, wa ya ƙi.

Litinin, bayan la'asar

Na ga 'yar wasan. Sanarwa ya sa a waya, ita kaɗai ta zo, ba ta kuma tambayi ko nawa za a ba ta ba. Shi wannan ne ya burge shi. Ni a wajenmu, wanda bai tambayi farashi ba sai a ƙara duba hannunsa, amma na ja bakina.

Siririya ce, na girme ta nesa ba kusa ba. Takalminta na roba ne mai laushi. Magana sai ka matso. Ba ta kallon idonka, bakinka take kallo. Da Auta ya nuna ni, ba ta ce Anti ba, ba ta ce Yaya ba, sai cewa ta yi, "Sannu, ƙawata." Auta ya taɓa ni da gwiwar hannu, wai kin gani, har ta shiga wasan. Na sa mata suna Shiru-shiru.

Abin da ke damun Auta ɗaya ne. In mutane suka ga baƙuwa tana laɓe-laɓe da kyamara, za su tare ta, ko su yi mata duka, aiki ya lalace. Dole wani ya zaga ya yi musu bayani. Ya kalle ni ya ce wa ya fi Yaya baki. Gaskiya ce. Ba banza Mama ke ce mini Aku ba.

Talata, da magariba

Na zaga. Na fara da Baba mai gadin gidan hayarmu, sai matar tela da ke benen ƙasa da mu, wadda nake bar wa makulli tana leƙa Mama da rana, sai mai kantin bakin layi. A kasuwa na bi layinmu kaf, mai takalma, mai agogo, masu dako, har 'yan sandan da ke rumfar bakin ƙofa. Kowa abu ɗaya na gaya masa, na kuma zuba masa gishiri:

"In kun ga wata na bi na, ko kun gan ta a matakalarmu, ku kau da kai. In kun ji na yi ihu, ko na zo muku da hawaye na ce ku cece ni, kada kowa ya sa baki. Fim ne. Iya gwanintata ce kuke gani."

Sun ji daɗi. Mai takalma ta ce a sako ta ko a gefe ne, ta sayi sabon mayafi. Baba mai gadi ne kawai ya sosa ƙeya ya ce to 'yata, in na gasken ya zo, ta yaya za mu bambance? Na ce Baba ku kwantar da hankalinku, na gasken ya san wadda yake zuwa wa.

Na sayar da maganar nan kamar yadda nake sayar da labulen da ya kwana biyu. Ba wanda ya taya.

Juma'a, da azahar

Ko inuwarta ban gani ba. Ina jin ta gudu da kyamarar, Auta ya huta.

Asabar, da yamma

Ba ta gudu ba.

Auta ya zo da kwamfutarsa, bakinsa har kunne, ya ce in zauna. Na zauna.

Ga ni nan a shago ina hamma, baki wangame. Ga ni ina yi wa wata mai saye murmushi, tana juya baya fuskata ta mutu kamar an kashe fitila. Ban san haka nake yi ba. Ga ni a bas, ita tana kujerar bayana, ƙeyata ta cika hoton, har furfurar da nake ɓoyewa ta leƙo daga ɗankwali. Ana jin numfashinta.

Sai wani da ban gane daga ina aka ɗauke shi ba. Duhu ta gefe da gefe, haske siriri a tsakiya, ni kuma a cikin siririn ina cin abinci da hannu, takalmi a cire. Na daɗe kafin na gane. Tana cikin shagona ne, a tsaye tsakanin labulayen da na rataye, wurin da in na miƙa hannu zan taɓa ta. Sai muryarta ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba:

"Ta gaji yau. Ba wanda ya tambaye ta."

Auta ya buga cinya ya ce wannan ko shi bai rubuta ba. Ya ce mun yi dace, yarinyar nan baiwa ce da ita. Na ce ƙwarai. Na tashi na sha ruwa, na sake sha.

Ba tsoro na ji ba. Mamaki ne.

Litinin, da rana

Kafin in zauna sai da na kakkaɓe kowane labule ɗaya bayan ɗaya. Mai agogo ya ce ko ɓera ne. Wata ta zo neman na ɗakin amarya, ina yi mata ciniki ina waiwaye, har ta ce ko bashi ake bi na, ta wuce gaba. Ni da ba a taɓa fita daga shagona hannu biyu ba.

Laraba, bayan magariba

Na dawo na tarar da Mama tsaf. An yanke mata farce, an yi mata kitso, ƙafafunta na sheƙi da mai. Tun da gigin tsufan nan ya kama ta bara, ba ta yarda kowa ya taɓa kanta, ni kaina sai mun yi dambe. Na sauka in yi wa matar tela godiya. Ta ce ai ba ita ba ce, ƙawata ce mai kyamara. Kullum tana zuwa da azahar, ta karɓi makulli, ta dawo da shi kafin la'asar.

Kullum.

Na ce tun yaushe, ta ce tun washegarin da na yi musu bayani. Ta ce ba ke kika ce mu kau da kai ba? Har ta ƙara da cewa ita ma ta ɗan huta da hawa bene, gwiwarta ta yi sauƙi.

Na kira Auta. Ya yi ta kame-kame, wai ya ga na cikin gidan, yana jiran lokacin da ya dace ne ya nuna mini, wai nan ne zuciyar fim ɗin. Na ce zuciyar uwarka ce a cikin ɗakin nan, ba ta fim ba. Na ce gobe ya sallame ta, ko in sallame su su biyu.

Na tambayi Mama wa ya yi mata kitso. Ta shafa kanta ta yi murmushi, ta ce yarinyar nan mai sanyin hannu.

Alhamis, da la'asar

Auta ya ce an gama, ya sallame ta, ta ce to. Na karɓe makulli daga wajen matar tela. Na kira mai gyara ya sauya na ƙofar gaba ɗaya.

Shi ke nan. Ba tsoro nake ji ba, tsari ne kawai.

Asabar, da hantsi

Tana tsallaken layinmu, jikin rumfar mai jakunkuna, kyamara a ido. Yau ba ta ɓuya ba. Da na kalle ta sai ta ɗaga mini hannu.

Asabar, da yamma

Na je har ɗakin Auta na same shi. Na ce maƙaryaci, ka ce ka sallame ta. Ya jawo aljihun teburinsa ya zube mini abu biyu a tafin hannu, batir da katin da hoto ke shiga. Ya ce kyamarar tsohuwa ce, batirinta ke nan guda, ba a ma samun irinsa yanzu. Ranar Alhamis ya cire su. Ita ta roƙe shi ya bar mata gangar jikin ta kwana biyu, wai ta saba da nauyinta a wuya, shi kuma ya ga ba abin da za ta yi da ita.

Na tsaya ina kallon batirin.

Wato tun shekaranjiya ba ɗauka take yi ba. Mataccen ƙarfe take ɗorawa a ido. Tana rataye shi ne don a buɗe mata hanya, kuma ana buɗewa.

Auta ya ce ƙila dai wasan ne bai sake ta ba, yana faruwa da manyan 'yan wasa. Na tambaye shi ina take zaune, su waye danginta. Bai sani ba. Lambar waya ce kawai da shi. Mutumin da ya turo ta har ɗakin uwarsa.

Litinin, da azahar

Na sake zagawa, in kwance abin da na ɗaura.

Baba mai gadi ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Da na gama sai ya gyara hularsa, ya rage murya ya ce, "To 'yata, ni ina zan kalla? Ko in yi kamar ban san ana ɗauka ba?"

Na rantse masa. Ya ce ma sha Allah, har da rantsuwa.

Mai kanti ya ce idona har ya yi ja, yaya nake yi, albasa ce? Mai takalma ta tafa mini. A rumfar 'yan sanda, babbansu ya bar ni na yi bayani tun daga farko, sannan ya tuna mini da bakina na ce zan zo da hawaye in ce a cece ni, kada su sa baki. Ya ce shi mutum ne mai cika alkawari. Ya ce in fim ya fito a kawo musu su gani.

Duk hujjar da na kawo, ni na riga na rushe ta tun zagayen farko. Da na yi sanyi su ce na iya, da na yi zafi su ce na ƙware. Baki shi ke yanka wuya, na sha gaya wa wasu.

Talata, bayan la'asar

Sabon makulli aikin banza. Mama ce ke buɗe mata daga ciki. Matar tela ta ce tana jin ƙwanƙwasawar, a hankali, kamar da farce. Mama da wata ran take tambayata ko ni 'yar wace ce, ta haddace wannan bugun.

Na tarar da kofi biyu a kan tebur, an wanke an kife.

Alhamis, da rana

Ta zo shago. Na je bayan rumfa na dawo, na same ta a kan kujerata, kyamarar a cinya, tana linke mini zannuwan gado irin linkin da nake yi, gefe a ciki.

Na ce ta tashi. Ta tashi. Na ce me take so, ta faɗi ko mene ne a yi ciniki a rabu, ni ba a zo mini da buƙata an koma da ita ba. Ta ce ba ta son komai. Na ce fim ya ƙare. Ta ce ta sani.

"To bin me kike yi?"

"Ba bi ba ne, ƙawata. Zumunci ne."

"Ni ba ƙawarki ba ce. Na haife ki saura kaɗan."

Ta kalli bakina. Can ta ce Mama na kuka da azahar, ko na sani. Wai tana tsayawa jikin ƙofa tana kiran Aku, Aku, har muryarta ta dishe, matar tela kuwa sai ta gama kallon talabijin take hawowa. Ta faɗi wasu abubuwan kuma. Ba zan rubuta su ba, ba su da amfani.

Sai na yi abin da na san ba ya faɗuwa ƙasa a kasuwa. Na fito tsakiyar layi na nuna ta na ce ɓarauniya, da duk ƙarfina. A layin nan na ga an yi wa ƙato tsirara kan wannan kalmar kafin ya buɗe baki.

Ba wanda ya motsa. Masu dako suka ja baya don kada su tare hoto. Mai agogo ya ɗaga wayarsa. Da na yi shiru sai tafi ya tashi tun daga farkon layi har ƙarshe.

Ita kuma ta ɗora mataccen ƙarfenta a ido, ta yi baya-baya, ta shige cikin mutane.

Juma'a, da safe

Ba tsoro nake ji ba. Shayi ne kawai ya zube mini.

Asabar, da la'asar

Mama ba ta gida.

Asabar, da magariba

Ba ta dawo ba. Takalminta na fita ba ya nan. Baba mai gadi ya ce tun da azahar suka fita su biyu, shi ya tsayar musu da tasi, har ya riƙe wa Mama ƙofa. Yana faɗa yana murmushi. Auta na ta kiran lambar, a kashe.

Na leƙa ƙarƙashin gado. Ban san me ya sa ba.

Lahadi, da hantsi

Mama na ɗakinta, tana barci. Lafiyarta lau.

Jiya ana gab da kiran isha suka dawo. Ina zaune a matakala na ji dariya na hawowa, ban gane ta ba, rabon da in ji Mama ta yi irinta har na manta. Wurin shaƙatawa ta kai ta, bakin ruwa, wai sun ga agwagi. Sabon ɗankwali a kanta, ba ni na saya ba. Na miƙe na fara magana, ban san me nake cewa ba. Mama ta ɓuya a bayanta, ta riƙe mata riga, ta leƙo ta ce:

"Wace ce wannan mai faɗan?"

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Hannuna na dama ya kumbura, da ƙyar nake riƙe biro. Kyamarar ta fashe. Ba ta rama ba, ko hannu ba ta ɗaga ba. Jini na bin girarta, ita kuwa ta durƙusa tana tsince gilasai a matakala, wai kada Mama ta taka.

Yanzu kam sun yarda ba fim ba ne. Duk gidan ya fito. Matar tela ta rufe baki da mayafi. Baba mai gadi ne ya kama ta ya sauka da ita, bai ko dube ni ba. Na sami abin da nake nema, sun gane na gaske ne. Sai dai ba ita suke yi wa kallon abin tsoro ba.

Talata, da azahar

Ba ta sake zuwa ba. Na rufe shago, ina gida da Mama. Na rataye labule mafi kauri da nake da shi a tagar falo, irin wanda nake ce wa masu saye ko rana sai ta yi sallama.

Mama ba ta ci abincin rana ba. Ƙila zafi ne.

Laraba, da azahar

Ta ja kujera ta sa a gaban ƙofa. Nan take zama. Na kai cokali ta datse baki.

Juma'a, da yamma

Ruwa kawai, shi ma sai na yi dabara. Yayarmu ta kira daga inda take aure, ta ba ni shawara kwando guda, ta ce da ita ce da ba a kai ga haka ba. Na ce mota na zuwa garinku kullum, tana kuma dawowa. Ta ce yara na jarrabawa.

Mun kai ta asibiti ni da Auta. Likita ya duba ya ce ba ciwon da zai rubuta wa magani. Ya ce masu irin wannan larura sukan kama mutum guda su riƙe, in ya ɓace sai su saki komai. Ya tambaya ko akwai wanda ta saba da shi da ya daina zuwa. Auta ya kalli silin. Na ce babu.

Ya ce in aka ƙara kwanaki haka sai dai a kwantar da ita a sa mata roba ta hanci.

Asabar, da hantsi

Na ce Auta ya kawo kwamfutar, in ga na cikin gidan. Ba don komai ba. In ga yadda take ba ta abinci, in kwaikwaya. Ai sana'a kallo ce.

A ƙasa take zama, ta gefen hagu. Ita ke fara kai cokali bakinta, ta tauna a hankali, tana rera wata 'yar waƙa a maƙogwaro, ba ta ko kallon Mama. Can sai Mama ta buɗe baki da kanta. Ba lallashi, ba ci mana, ba don Allah. Ta ɗauki lokacin da ni a cikinsa na sallami masu saye biyar.

Na ce ya kashe, na gani. Bai yi sauri ba, na gaba ya shigo.

Ɗakina ne. Ta ajiye kyamarar a kan madubina. Tana zaune a bakin gadona, sanye da doguwar rigata mai ruwan toka, ta ɗaura ɗankwalina irin ɗaurina. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sai ta buɗe baki ta yi dariya, irin wadda nake yi wa mai saye in ya yi tayin rainin hankali. Ba ta fito daidai ba. Ta gyara zama ta sake. Ta sake. Ta yi ta yi har ta fito.

Auta ya rufe kwamfutar. Ya ce wallahi Yaya wannan bai kai wurinsa ba sai yanzu. Ya ce zai goge duka. Na ce ya goge, ya ga ko ta gogu.

Rigar tana cikin kayana, a linke. Na sa ta ranar Talata.

Asabar, da la'asar

Na zauna a ƙasa, ta hagu. Na fara ci. Na yi waƙar. Na yi ta yi har abincin ya huce.

Mama ta dube ni da kyau, ta ce, "Ba ke ba." Ta mai da fuska ƙofa.

Lahadi, da safe

Yau ba ta iya jan kujerar ba. Ni na ja mata.

Lahadi, da azahar

Lambar har yanzu a kashe. Na sauka wajen Baba mai gadi. Rabon da ya amsa gaisuwata da kyau tun ranar. Na durƙusa na ce Baba, ko ta gaya muku inda take zaune da kuka raka ta? Ya nuna tsallaken titi da haɓa.

Tana kan bencin tashar bas, daidai saitin tagarmu. Filasta a gira, hannu biyu a cinya, ba kyamara. Ya ce tun ranar nan take zuwa, da azahar, ta zauna, bas ya zo ya wuce, in la'asar ta yi ta tashi.

Na daɗe a bakin ƙofar gidan. Na san abin da na gani a ɗakina. Na kuma san nauyin Mama da na ɗaga ta yau da safe, kamar ɗaurin zannuwa.

Lahadi, da magariba

Mama ta ci abinci. Ta cinye, har ta nemi ƙari.

Litinin, da asuba

Jiya ban iya rubuta sauran ba.

Na tsallaka titi. Ba ta yi mamaki ba, ta matsa mini a bencin. Ban zauna ba. Na ce Mama ba ta cin abinci. Ta ce ta sani, ta ga an rufe taga. Na shiga gindaya sharuɗɗa yadda na iya. Da rana kawai. Ba fita da ita ko nan da can. Ba shiga ɗakina. Ba zuwa shago. Kowanne kafin in rufe baki ta ce to. Na daɗe a kasuwa, na san mai sayen da ya amince da farashin farko bai taya ba. Ba biya ya zo yi ba.

Ta ce ita ma tana da nata, guda ɗaya ne.

"Ki kira ni yadda nake kiranki."

Bas ya zo ya tsaya, ya tashi. Baba mai gadi na kallonmu daga tsallake.

Na kira ta.

Litinin, da hantsi

Dole in buɗe shago yau, ba iska za mu ci ba. Ta zo da wuri, ban ji hawowarta ba. Mama na jin ƙwanƙwasawar ta gyara zama, fuskarta ta washe.

Na nuna mata magunguna, ta riga ni faɗin lokutansu. Na yi wa Mama sallama, ta ce a dawo lafiya, baiwar Allah. A bakin ƙofa na zare makulli guda daga cikin sababbin nan da mai gyara ya ba ni, waɗanda ban taɓa bai wa kowa ba. Na miƙa mata, na ce in ta tashi ta kulle.

Ta ce na gode, ƙawata. Ko dubansa ba ta yi ba, ta jefa shi cikin ƙaramin aljihun jakarta. Kafin ta ja zif na hango wani a ciki, sabo fil, haƙoransu iri ɗaya.

Ina shago yanzu. An yi ciniki, ba laifi. Azahar ta kusa.